Ɗumama ɗaki ta silin

Ɗumama ɗaki ta silin wata hanya ce ta ɗumama gida, ofis, gareji ko masana'anta, inda ake sanya tushen zafi a saman ɗaki, ko dai a cikin silin ko a rataye a ƙarƙashinsa, ya riƙa sako huci zuwa ƙasa. Hucin yana ratsa iska ba tare da ya ɗumama ta sosai ba, sai ya sauka a kan ƙasan ɗaki, bango, kayan ɗaki da jikin mutane. Waɗannan su ne suke fara ɗaukar ɗumi, daga baya iskar ɗakin ta samu nata daga gare su. Ana samar da zafin ta hanyoyi uku: ruwan zafi da ke zagayawa cikin bututu, wayar lantarki, ko ƙona iskar gas.

An fi amfani da wannan tsari a ƙasashen Turai da Arewacin Amurka, inda lokacin sanyi yake da tsawo da tsanani. Ya fi dacewa da gine-gine iri biyu: manyan zauruka masu dogon rufi kamar masana'antu da ɗakunan ajiye kaya, da kuma gidajen da aka gina su da abin tare zafi mai kyau, waɗanda ba sa zubar da ɗumi da yawa. A ginin da ke zubar da zafi ta taga da bango, ko a wurin da lantarki yake da tsada, tsarin yakan gaza ko ya ci kuɗi fiye da kima.

Yadda zafi yake saukowa daga sama

Mutane da yawa suna mamakin yadda za a ɗumama ɗaki daga sama, tun da an saba cewa zafi sama yake tashi. Abin da yake tashi sama shi ne iska mai zafi, domin ta fi iska mai sanyi rashin nauyi. Zafi shi kansa yana tafiya ta kowace fuska, daga abu mai zafi zuwa abu mai sanyi, kuma ta hanyoyi uku yake bi. Ta farko ita ce ta taɓawa, kamar yadda cokalin ƙarfe yake ɗaukar zafi a cikin shayi. Ta biyu ita ce ta motsin iska ko ruwa. Ta uku ita ce ta huci, wato zafin da ke tafiya a miƙe kamar haske, ba ya buƙatar iska ta ɗauke shi. Wanda ya zauna shan hantsi da safiyar hunturu yana jin ɗumi a jikinsa ko da iskar da ke kewaye da shi tana da sanyi. Wannan ɗumin huci ne, kuma daga sama ya sauko.

Hucin zafi wani nau'in haske ne da ido ba ya gani, masana kimiyya suna kiransa infirared. Masanin taurari William Herschel ne ya gano shi a shekarar 1800 a Ingila. Ya rarraba hasken rana zuwa launuka da gilashi mai kusurwa uku, ya riƙa auna zafin kowane launi, sai ya ga ma'aunin zafin ya fi tashi a gefen jan launi, wurin da babu hasken da ido yake gani.

Kowane abu yana fitar da huci gwargwadon zafinsa. Josef Stefan a 1879 da Ludwig Boltzmann a 1884 sun nuna cewa yawan hucin yana ƙaruwa da sauri ƙwarai idan zafin abin ya ƙaru: idan aka ninka zafin abu sau biyu a ma'aunin Kelvin, hucinsa yana ninkuwa sau 16. Wannan doka ita ce take bayyana bambancin girman na'urorin da ake amfani da su. A ɗakin da bangonsa da ƙasansa suke 20 °C:

- silin mai zafin 30 °C yana ba da kimanin wat 60 a kowace murabba'in mita;
- fallen ƙarfe mai zafin 80 °C yana ba da fiye da wat 400 a kowace murabba'in mita;
- tangaran da aka gasa da gas ya kai 900 °C yana ba da dubban wat masu yawa a kowace murabba'in mita.

Saboda haka mai ƙaramin zafi yana buƙatar faɗin silin gaba ɗaya, mai tsananin zafi kuwa ƙaramar na'ura ce amma dole a rataye ta nesa da kan mutane.

Fuskar abin ma tana da tasiri. Filasta, katako da ƙarfen da aka yi wa fenti suna fitar da kimanin kashi 90 cikin 100 na hucin da zai yiwu a fitar a wannan zafin, ko da wane launi ne fentin. Alminiyam mai sheƙi kuwa ƙasa da kashi 10 yake fitarwa, sauran hucin da ya faɗa masa yana mayar da shi baya. Shi ya sa ake yi wa fuskar falle ta ƙasa fenti, a kuma yi amfani da alminiyam mai sheƙi a saman na'ura don ya karkato da hucin zuwa ƙasa.

Iskar da ta taɓa silin mai ɗumi tana tsayawa nan a sama, ba ta zagayawa. Don haka kusan duk zafin da irin wannan silin yake bayarwa ta huci ne. Ƙa'idojin aikin injiniya suna lissafa cewa silin yana ba da kimanin wat 6 a murabba'in mita kan kowane digiri ɗaya da ya fi ɗakin zafi, alhali ƙasan ɗaki mai ɗumi yana ba da kimanin wat 11, domin shi yana samun taimakon iskar da ke tashi.

Tarihi

Ɗumama gini ta hanyar ɗumama jikinsa tsohuwar dabara ce. Romawa suna hura wuta su tura hayaƙi mai zafi ta ƙarƙashin daɓen gidajen wanka da cikin bangonsu. A Koriya akwai tsarin ondol, inda hayaƙin murhu yake bi ta ƙarƙashin daɓen dutse, a arewacin Sin kuma akwai gadon bulo mai ɗumi da ake kira kang. Duk waɗannan daga ƙasa suke ɗumamawa, domin hayaƙi da wuta ba su dace da saman ɗaki ba.

Ɗumamawa daga sama ta samu ne bayan an iya tura ruwan zafi cikin ƙananan bututu. A 1907 injiniyan Birtaniya Arthur H. Barker ya samu rajistar haƙƙin ƙirƙira a kan binne ƙananan bututun ruwan zafi a jikin gini. Kamfanin Crittall na Landan ya sayi haƙƙin, ya riƙa binne bututun ƙarfe a cikin silin na kankare da filasta. A shekarun 1920 da 1930 tsarin ya bazu zuwa manyan ofisoshi, asibitoci da makarantu a Birtaniya da wasu ƙasashen Turai. A tsakiyar ƙarni na 20 injiniyan Norwe Gunnar Frenger ya fito da silin na fallayen alminiyam da ake maƙala su a jikin bututu, ba sai an binne komai a kankare ba. Wannan ya sauƙaƙa gyara, ya kuma sa silin yana ɗaukar zafi da wuri.

A Amurka, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kamfanonin lantarki sun yi ta tallata gidan da komai nasa da lantarki yake aiki. Daga shekarun 1950 zuwa 1970 an gina gidaje masu yawa da aka shimfiɗa wayar ɗumamawa a cikin silin ɗinsu, domin ta fi tukunyar ruwa da bututu araha wajen kafawa. Rikicin man fetur na 1973 ya ɗaga farashin makamashi, sai irin waɗannan gidaje suka zama masu tsadar zama, musamman da yake yawancinsu ba su da isasshen abin tare zafi. Daga nan farin jinin tsarin ya ragu a can.

A ɓangaren gas, Bajamushe Günther Schwank ya ƙirƙiro tangaran mai ƙananan huda da gas yake ci a fuskarsa a ƙarshen shekarun 1930. Dogon bututun da ake ƙona gas a cikinsa ya bazu a masana'antun Arewacin Amurka daga shekarun 1960.

Tsarin ruwa ya sake farfaɗowa saboda ci gaban roba. Tsofaffin bututun ƙarfe sukan yi tsatsa su huje a cikin kankare, gyaransu kuma sai an fasa gini. A shekarun 1960 Bajamushe Thomas Engel ya gano hanyar ƙarfafa robar foliyetilin ta yadda za ta jure ruwan zafi shekaru masu yawa, abin da ake kira PEX. A shekarun 1980 Donald Herbst a Berlin ya fito da tabarmar siraran bututun roba da ake shafe ta da filasta. Daga shekarun 1990 kuma gine-ginen ofis a Suwizalan da Jamus suka fara binne bututu a tsakiyar kankaren bene, su yi amfani da shi wajen ɗumamawa da sanyi, da sanyayawa da zafi.

Nau'o'i

Bututun ruwa a cikin silin. Ana shimfiɗa bututun roba ko na jan ƙarfe a bayan allon jifsam ko a cikin filasta. Sau da yawa ana haɗa bututun da siraran fallayen alminiyam domin su baza zafin, kada silin ya yi layi-layi na zafi da sanyi. Ruwan da ke zagayawa yawanci tsakanin 30 °C ne zuwa 40 °C, wato ɗumin ruwan wanka. Tun da ba ya buƙatar ruwa mai tsananin zafi, wannan nau'in ya dace da famfon zafi, na'urar da ke janyo ɗumi daga iskar waje ko daga ƙarƙashin ƙasa ta zuba shi cikin ruwa.

Fallayen ruwa masu rataya. Waɗannan dogayen fallayen ƙarfe ne da aka liƙa wa bututu, aka rufe bayansu da audugar dutse ko ta gilashi, aka rataye su da sarƙa a jere a ƙarƙashin rufi. Su ake gani a masana'antu, zaurukan wasanni da ɗakunan gyaran motoci da jiragen ƙasa. Ruwansu ya fi na cikin silin zafi, yakan kai 60 °C zuwa 90 °C. Ƙa'idar Turai mai lamba EN 14037 ita ce ta tsara yadda ake auna ƙarfinsu, kuma ta shafi ruwan da zafinsa bai kai 120 °C ba.

Waya ko fallen lantarki. Akwai waya mai ɗaukar zafi da ake jera ta a cikin filasta ko tsakanin allunan jifsam biyu. Akwai siririyar leda mai ɗauke da layukan kabon da ake shimfiɗawa a bayan allon silin. Akwai kuma fallen da aka gama haɗa shi a masana'anta, a ɗaure shi a jikin silin kamar fitila. Na ƙarshen yana ɗaukar zafi cikin mintoci kaɗan, don haka ana son sa a banɗaki ko ɗakin da ba a zama a cikinsa kullum.

Bututun gas. Na'ura tana ƙona gas a bakin wani dogon bututun ƙarfe, fanka tana jan wutar da hayaƙin su bi ta cikinsa. Bututun yana yin zafi na ɗaruruwan digiri ba tare da ya yi ja ba, murfin alminiyam da ke samansa yana mayar da hucin ƙasa. Ana iya fitar da hayaƙin waje ta bututun hayaƙi.

Tangaran na gas. Gas yana ci a fuskar tangaran har ya yi ja, zafinsa ya kai kimanin 900 °C. Ya fi kowane nau'i ƙarfin huci, shi ya sa ake rataye shi a zauruka masu tsayi sosai da wuraren da gefensu yake buɗe. Yawancinsu a cikin zauren suke sakin hayaƙinsu, don haka dole a samar da hanyar shiga da fitar iska.

Jin daɗin jiki da iyakar zafin silin

Jikin mutum a zaune yana samar da zafi kimanin wat 100, kuma dole ya zubar da shi daidai gwargwado. Wani ɓangare yana tafiya ta iska, wani ta gumi da numfashi, wani kuma ta huci zuwa bango da taga da ke kewaye da shi. Shi ya sa mutum yake jin sanyi kusa da taga mai sanyi ko da iskar ɗakin tana da ɗumi. A ɗakin da iska ba ta kaɗawa, zafin da jiki yake ji kusan matsakaici ne tsakanin zafin iska da zafin abubuwan da ke kewaye. Ɗaki mai iska 18 °C da bango da ƙasa masu 22 °C yana daidai a jiki da ɗakin da komai nasa yake 20 °C. Wannan ne ya sa ake iya barin iska ta ɗan yi sanyi a ɗakin da ake ɗumamawa da huci ba tare da mutane sun takura ba.

Amma silin yana da iyaka. Kan mutum ya fi ƙafarsa kusa da silin, kuma mutane ba sa jure zafi a ka da sanyi a ƙafa. Masanin ƙasar Denmak Povl Ole Fanger, wanda ya wallafa littafinsa kan jin daɗin yanayin ɗaki a 1970, ya yi gwaje-gwaje da abokan aikinsa a kan wannan. Sakamakon ya shiga ƙa'idar ISO 7730 da ƙa'idar ASHRAE 55 ta Amurka. Bisa waɗannan ƙa'idoji, bambancin hucin da ke zuwa wa mutum daga sama da wanda ke zuwa daga ƙasa bai kamata ya wuce digiri 5 ba idan silin ne mai ɗumi. Idan bango ne mai ɗumi, an yarda har digiri 23. Wannan ya nuna cewa silin mai ɗumi ya fi kowace fuska saurin damun mutum.

Misali zai nuna abin da hakan yake nufi. A ɗauki ɗaki mai mita 4 a faɗi da mita 5 a tsawo, wato murabba'in mita 20. Idan yana zubar da wat 1,000 a ranar sanyi, kowace murabba'in mita ta silin za ta ba da wat 50, don haka silin zai fi ɗakin zafi da digiri 8 zuwa 9, ya tsaya wajen 28 °C ko 29 °C. Wannan ba ya damun kowa. Idan kuwa ɗakin yana da taga mai gilashi ɗaya da bango marar abin tare zafi, yana zubar da wat 2,000, silin sai ya kai wajen 37 °C. A ɗaki mai tsayin mita biyu da rabi, mazauna za su ji nauyin zafin a kansu. Maganin irin wannan ɗaki shi ne a fara gyara taga da bango kafin a ƙara ƙarfin na'ura.

Amfani a gida

Abin da ya fi jan hankalin masu gida shi ne silin fili ne da babu abin da yake rufe shi. Ɗumamar ƙasan ɗaki tana raguwa idan aka shimfiɗa kafet mai kauri ko aka ajiye gado da kujeru a kai, na'urar da ake ɗaurawa a bango kuma tana cin wuri. A tsohon gida, sauko da silin da santimita kaɗan ya fi fasa daɓe sauƙi. Silin na allon jifsam ba shi da nauyi, don haka yana ɗaukar zafi ya kuma huce da wuri, ba kamar kankare ba da yake ɗaukar sa'o'i. Babu fanka, babu ƙara, iska ba ta tayar da ƙura.

Rauninsa shi ne huci a miƙe yake tafiya, yana kuma yin inuwa kamar haske. Ƙafafun wanda ke zaune a bayan tebur ba sa samun hucin kai tsaye, sai abin da ƙasan ɗaki da bango suka mayar. Haka nan silin ba ya tare iska mai sanyi da ke gangarowa daga jikin babbar taga, don haka akan matso da bututu ko waya kusa da juna a gefen taga. Dole kuma a sa abin tare zafi mai kauri a saman silin, musamman a benen ƙarshe, in ba haka ba wani kaso mai yawa na zafin zai tsere ta rufi. Tsarin ba ya sabunta iskar ɗaki, saboda haka ana buƙatar wata hanyar shigo da sabuwar iska.

Amfani a gareji da masana'anta

A nan ne tsarin ya fi nuna amfaninsa. Idan aka ɗumama zaure mai tsayin mita 8 ko 10 da iska mai zafi, iskar tana tashi ta taru a ƙarƙashin rufi, inda babu mai buƙatarta, ta kuma ƙara yawan zafin da ke fita ta rufin. Ma'aikata a ƙasa suna cikin sanyi. Duk lokacin da aka buɗe babbar ƙofa don shigo da mota, iskar da aka kashe kuɗi wajen ɗumamawa tana ficewa.

Huci kuwa yana isa ƙasa kai tsaye. Daɓen kankare, injuna da kayan aiki suna riƙe ɗumin, idan an rufe ƙofa ɗakin yana dawowa daidai da wuri. Ana iya ɗumama teburin aiki ɗaya a bar sauran zauren da sanyi. Makaniki yana kama kayan aikin ƙarfe ba tare da sun ƙandarar masa da hannu ba, kuma ƙarfen da ya fi iska ɗumi ba ya yin raɓa, abin da yake rage tsatsa. A wurin kafinta da wurin fenti, rashin kaɗawar iska yana hana garin katako da ƙura tashi su ɓata aiki.

Wajen zaɓe, tsayin rufi ne abu na farko da ake dubawa. Ƙaramin gareji na gida ya fi dacewa da fallen lantarki ko na ruwa. Na'urorin gas masu ƙarfi sun fi dacewa da zauruka masu tsayin mita 4 zuwa sama. Abu na biyu shi ne irin aikin da ake yi: inda akwai tururin fetur, sinadarin fenti ko garin katako mai yawa a iska, fallayen ruwa sun fi aminci domin babu wuta a cikinsu.

Kuɗin kafawa da na amfani

Lantarki ya fi araha wajen kafawa, ya fi tsada wajen amfani. Waya ko fallen lantarki yana mayar da kowane yunit ɗaya na lantarki ya zama yunit ɗaya na zafi, ba ƙari. Famfon zafi kuwa yakan ba da yunit 3 zuwa 4 na zafi daga yunit ɗaya na lantarki, kuma aikinsa yana ƙara kyau idan ruwan da ake buƙata ba mai zafi sosai ba ne. Don haka gidan da za a ɗumama duk tsawon lokacin sanyi ya fi cin riba da bututun ruwa, ɗakin da ake shiga awa ɗaya ko biyu a rana kuma ya fi cin riba da fallen lantarki. Tanadin da ake samu daga huci shi kansa yana zuwa ne daga rage zafin iska da hana ta taruwa a sama. Yana da yawa a dogon zaure, kaɗan ne a ƙaramin ɗaki.

Haɗari da kulawa

Babban haɗarin da ke tattare da waya ko bututun da aka ɓoye shi ne a huda silin da ƙusa ko na'urar huda don rataye fitila ko fanka. Kafin a yi haka ana kunna tsarin a duba da kyamarar gano zafi, wadda take nuna layin waya ko bututu sarai. Dokar aikin lantarki ta Amurka, a sashenta na 424, ta tsara nisan da za a bari tsakanin wayar ɗumamawa da fitilu, ta kuma hana shimfiɗa ta a saman kabad da bangon da ya raba ɗakuna, domin zafi yana taruwa a irin waɗannan wurare. A shekarun 1990 hukumomi a lardin British Columbia na Kanada sun ba da umarnin a katse wutar wasu nau'o'in ledar ɗumama silin bayan an alaƙanta su da gobara, lamarin da ya kai masu gidaje ga shigar da ƙara a kotu.

Na'urorin gas suna da nisan da kamfani yake rubutawa wanda dole a bari tsakaninsu da duk abin da zai iya kamawa da wuta. A gareji ana la'akari da motar da aka ɗaga sama, da kayan da aka jibga a kan kanta. Idan iska ba ta isa ba, gas ba ya ƙonewa sarai, sai ya fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ko wari amma tana kisa. Saboda haka ana sa na'urar gargaɗi, a kuma duba na'urar gas kowace shekara. A tsarin ruwa, ana fitar da iskar da ta maƙale a bututu, tun da silin ne wuri mafi tsayi da take taruwa, kuma a ginin da ake barin sa babu kowa da sanyi ana zuba sinadarin hana daskarewa a cikin ruwan.

Sanyayawa da bututu ɗaya

Bututun da ya ɗumama silin da sanyi yana iya sanyaya shi da zafi, idan aka tura ruwa mai kimanin 16 °C zuwa 18 °C. A wannan aikin silin ya fi ƙarfi, yana ɗaukar kimanin wat 11 a murabba'in mita kan kowane digiri, domin iskar da ta yi sanyi a jikinsa tana saukowa da kanta. Iyakarsa ita ce raɓa: idan silin ya yi sanyi fiye da abin da laimar ɗakin za ta jure, ruwa zai taru a jikinsa ya riƙa ɗiga. Don haka ana haɗa shi da na'urar rage laima. A 2011 kamfanin Infosys ya buɗe wani gini a Haidarabad ta Indiya da aka raba shi biyu, rabi da na'urar sanyaya iska da aka saba, rabi da bututun ruwa a cikin kankare, aka kuma samu cewa ɓangaren bututun ya ci makamashin sanyayawa ƙasa da ɗayan da kimanin kashi ɗaya cikin uku.

A ƙasashe masu zafi

A yankin Sahel da arewacin Najeriya ba a gina gidaje da wannan tsari, domin sanyin hunturu gajere ne. Duk da haka ana cin karo da dokarsa kullum. Rufin kwano da rana ta gasa a watan Maris da Afrilu yana sako huci a kan mazauna ɗaki daidai yadda fallen ɗumamawa yake yi, kuma silin ko abin tare zafi a ƙarƙashin kwanon shi ne yake rage shi. Masu kiwon kaji suna rataye fitilar huci ko na'urar gas a saman 'yan tsaki, waɗanda suke buƙatar zafin 32 °C zuwa 35 °C a makonsu na farko. A asibitoci kuma, gadon ɗumama jarirai yana da tushen huci a samansa, wanda yake ɗumama jariri alhali ma'aikatan jinya suna iya kai hannu gare shi ta kowane gefe.

Duba kuma

- Infirared
- Famfon zafi
- Ɗumama ƙasan ɗaki
- Abin tare zafi a gini
- Kabon monoksaid